Babu Wanda Ya Taɓa Injin

Ku da kuke zaune kan bencin ƙofar shagona kuna cajin waya kuna cewa aikina danne-danne ne, ku matso. Kai mai jar hula, jiya na ji ka da kunnena kana ce ma abokinka wai abin da nake wuni ina yi, kai da wayarka za ka gama shi kafin shayi ya tafasa. To madalla. Ban tanka maka ba jiya don bakina da goro. Yau babu goro.

Sana'ata haɗa lojisiyal ce, wato manhajar da ke sa inji aiki, irin wadda masu ita ke sakin rubutunta kyauta ga duk mai so. Ku abin da kunka sani shi ne ku latsa, abu ya sauko cikin waya a ɗinke, ku sa. Ni yadi ake ba ni da awo, ni ke ɗinka shi a jikin injin da zai yi aiki da shi. Wannan ɗinkin muke ce ma kompile. Za ku ce don me mutum zai ɗora ma kansa wahala? Don ordinatocin da ke ƙasar ga, kwamfutoci ke nan, daga Konni zuwa Malbaza har Illela, yawancinsu tsofaffi ne waɗanda buro-buron Turai sunka gaji da su sunka turo mana cikin kwantena. Ɗinkakken da ke saukowa daga intanet ba ya shigarsu. Ko dai ya yi musu nauyi, ko masu yinsa sun manta akwai sauran irin waɗannan injina a duniya.

Wurin Mushe Bubakar na koya, Allah ya jiƙan shi, Mushe kuwa Malam ke nan a bakin ƴan boko. Tsohon malamin lissafi ne na lakwal, makarantar boko, da ya ajiye alli ya buɗe siber, shagon shiga intanet, kusa da tasha, lokacin da rezo, wato layin intanet, a garin ga ke tafiya kamar jakin da anka yi ma lodin albasa. Shi ne mutum na farko da na ga ya kwashe abin da ke cikin ordinatar ya zuba Linuks, tsarin kyauta mai tafiyar da inji. Ba wata aƙida ta kai shi ba. Ya gaji ne da cutar inji da ƴan kasuwa ke kwasowa cikin kile, ɗan abin ajiyar fayil da ake soka ma ordinatar, suna zuba masa a inji kullum safiya.

Aikin farko da ya bar ni da shi ni kaɗai na wani injin buga takarda ne da ya sayo hannun wani ɗan tireda daga Sakkwato. Ordinatar ta ƙi gane shi, sai an haɗa mata ƴar lojisiyal da za ta shiga tsakaninsu. Na wuni ina jiran rubutun ya sauko. Washegari na ba da umarni, rubutu ya dinga gudu a baƙin ekran, fuskar injin, ina jin kaina wani babba. Can sai ya tsaya cak. Erar, wato saƙon kuskure, ta cika ekran daga sama har ƙasa. Na karanta layin ƙarshe, na duƙufa neman maganinsa. Mushe Bubakar na tsaye bayana da kofin shayi, ya bar ni ina ta fama har anka kira la'asar. Da munka dawo masallaci ya ce, "Lawali, kai in anka yi hatsari bisa hanya, motar ƙarshe da ta tsaya kake tambaya abin da ya faru? Hau sama." Na yi ta hawa har na kai inda abin ya fara lalacewa. Fayil ɗaya ne babu. Duk sauran ihun da ya cika ekran shi ya haife shi.

Ranar ya koya mini abin da ake ce ma lib. Babbar lojisiyal ba ta tsayawa ita kaɗai, tana jingina ne da wasu ƙanana da waɗansu mutane can daban sunka rubuta. Su ne lib. Kowace da zamaninta. Babbar ta saba da ta bara, ka kawo mata ta bana, ko gaisawa ba su yi. Rabin erar da na gani a rayuwata daga nan take: lib babu, ko akwai ta amma ta tsufa, ko ta yi sabunta da yawa. Shi ya sa cikin jakata, ban da turnabis na kwance kusoshi da buroshin fenti na kakkaɓe inji da ƴan pil, batiran agogon ordinatar, akwai wani diski da nake kira rumbuna. Kowace lojisiyal da na taɓa haɗawa tana ciki tare da lib ɗin da sunka yi zamani da ita, don in ka shiga ƙauye babu rezon da zai kawo maka abin da ka manta.

Su masu rubuta abin, can ƙasashensu, ba zan zage su duka ba. Akwai wanda na taɓa aika ma tambaya ya zauna ya amsa mini dalla-dalla, bai san ni ba, bai nemi komai ba. Amma akwai ranar da na gyara wata erar da ke hana lojisiyal haɗuwa a tsofaffin injina, na aika musu gyaran ina murna. Amsa ta zo da ladabi ƙwarai. Wai sun gode, amma sun daina kula da wannan irin inji, babu mai amfani da shi yanzu, me zai hana in sayi sabo? Ina karantawa ina kallon irin injin guda huɗu jere cikin shagona suna jiran gyara. Babu mai amfani da shi! Mu ke nan ba kowa ba ne.

Wani aiki a Malbaza, buron wata ƙungiyar manoman albasa. Na haɗa musu lojisiyal, bayan ƴan watanni sunka kira ni wai ta mutu. Tambayata ta farko ko'ina ɗaya ce: wa ya taɓa injin, me ya yi? Likita ma sai ya tambayi abin da ka ci. Sakataren ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Mushe babu wanda ya taɓa shi." Na duba na iske an share rabin lib ɗin don a samu wurin zuba finafinai. Na juya ekran na nuna masa. Ya fashe da dariya, na taya shi, ya sayo mini lemo. Irin wannan ƙaryar ba ta da nauyi, ƙaryar tsoro ce, kafin azahar ta fito fili. Wadda ta karya ni ba irinta ba ce, kuma ba maƙaryaci ne ya yi mini ita ba.

Akwai rediyon wani ƙauye a ƙasar Illela, ba zan faɗi sunansa ba. Shekarun baya tsawa ta faɗa musu da damina, ta ƙone teburin haɗa sauti, ta ƙone ƙofar da makirofo ke shiga emetar, wato injin da ke tura magana cikin iska. Ƙofa ɗaya ta rage, ita kuwa ba ta karɓar sauti sai ta hannun ordinatar. Kafin mai jar hula ya ce me ya hana a jona waya, to ga amsarka nan. Ni na zauna na haɗa musu lojisiyal a kan wata tsohuwar ordinatar ta maye gurbin teburin, makirofo ya shiga ta nan, kiɗa da shirye-shirye su fita ta nan. Shekara da shekaru tana aiki ko tari ba ta yi. Shugaban rediyon, Malam Isufu, tsohon malamin gona ne, dattijo mai farin gemu wanda in ya yi magana a gari ba a sake ta. Mai gabatar da shiri kuwa Madam Rabi ce, ita ke yin shirin mata da na farashin hatsi da sanarwar dabbobin da sunka ɓace. Muryarta ce rediyon, kuma da rediyon take ci da ƴaƴanta.

Sai shekarar nan ta zo da anka rufe iyaka, wutar da ke zo mana daga Najeriya ta ɗauke. Kun tuna ta, ko da yake ku abin da ya dame ku cajin waya ne. Ni shagona a buɗe yake amma kamar a rufe. Masu gyara sun daina zuwa, wa zai gyara abin da babu wutar kunna shi? Esansi, man fetur, ya yi wuya, masu sayarwa a kwalba bakin hanya sun zama manya, sai ka yi musu magana da ladabi. Cikin wannan hali Malam Isufu ya aiko mini. Rediyo ta yi shiru, lojisiyal ta ƙi tashi. Kuma ga abin da ya tayar musu da hankali: wani porje na masu ba da tallafi zai raba ma rediyoyin ƙauye pano, faifan wutar hasken rana, amma ba su isa kowa ba. Mutanensu za su zagayo ranar kasuwar garin ta mako mai zuwa. Rediyon da sunka iske tana magana za ta samu, wadda sunka iske shiru sai su wuce da panon gaba. In babu pano, a shekarar nan, babu rediyo.

Na hau kabu-kabu na tafi da jakata. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, eriya tsaye a bayansa, ƙaramin gurup, injin ba da wuta, ɗaure da sarƙa jikin bishiya. Malam Isufu ya tarbe ni da fura. Bayan mun gaisa na yi tambayata.

"Malam, wa ya taɓa injin?"

Ya ce, "Babu wanda ya taɓa shi. Makullin ɗakin ga aljihuna yake kwana."

Madam Rabi ta ce ita ba ta nan, ta tafi wankan jego gidansu, ta dawo ta iske abin a mace. Wanda ya riƙe mata makirofo kafin ta dawo ba ya taɓa komai sai maɓalli ɗaya da na nuna musu.

Anka tayar da gurup. Na kira lojisiyal, ta buɗe ido ta rufe, ko kalma ba ta bari ba. Inji mai shekaru irin nasa, ga wuta na ɗaukewa kullum ba sallama, abin da kowane mai sana'ar ga zai fara zato shi ne wani gutsure ya lalace a diski. Maganinsa a sake haɗawa daga tushe. Diskin kuwa ƙarami ne, ba ya ɗaukar tsohuwa da sabuwa tare, dole na share tsohuwar don in samu wurin aiki. Na ce a bar ni in tafi da injin Konni, Malam Isufu ya ce kayan gari ne, ba ya fita. Ban matsa ba, Konnin ma babu wuta.

Ku fahimci abu ɗaya. A wannan injin, haɗa lojisiyal ɗin daga farko zuwa ƙarshe yana cin daga hantsi har bayan azahar, gurup na ruri duk tsawon lokacin. Kowane gwaji esansi ne. Rediyon ba ta da ko ɗigo. Madam Rabi ce ta goya jaririyarta ta ɗauki jarka ta shiga gari gida gida. Mata sunka haɗa abin da ke ƙullin zanensu anka sayo kwalba. Ƴan kabu-kabu sunka sa tiyo sunka zuƙo daga tankinsu. Mai injin niƙa ya ba da na wuni guda, ya ce mata su daka da hannu yau, ai don rediyonsu ne. Ina zaune a rumfa ina kallo ana juye kwalabe cikin jarka, kowa ya juye sai ya leƙo ya ce, "Mushe, Allah ya ba da sa'a."

Gwajin farko ya tafi sumul. Gutsattsarin sunka haɗu ɗaya bayan ɗaya, babu ko gargaɗin kirki. Madam Rabi har ta fara goge makirofo da bakin mayafinta. Sai a mataki na ƙarshe, inda ake ɗinke gutsattsarin duka wuri ɗaya su zama lojisiyal, abin ya tsaya. Na hau sama na karanta layin farko. Lojisiyal na kiran wani suna cikin lib ɗin sauti, lib ta ce ba ta san mai wannan suna ba. Kai! Wannan ita ce muguwar erar, wadda ba ta fitowa sai ta bari ka ƙone man duka.

Na duba lib ɗin sautin a inda na ajiye ta da hannuna shekarun baya. Tana nan, ita ce, zamaninta daidai. To in lib daidai take, kuma babu wanda ya taɓa inji, saura rubutun. Na ce wataƙila wanda ke cikin injin ya lalace, na zubo na rumbuna. Washegari munka sake ƙone wuni, ta tsaya a wuri ɗaya da suna ɗaya. Na zargi abin da ke yin haɗin shi kansa, na sake zuba shi. Na zargi zafi, na buɗe injin na kakkaɓe shi, na ciro ƙwaƙwalwarsa na goge na mayar, Madam Rabi na yi masa fifita da murfin kwano. Rezo kuwa babu balle in tambayi wani, eriyar waya ta garin ita ma yunwar mai take. Kwalabe sunka fara zuwa rabi rabi. Masu leƙowa sunka daina cewa Allah ya ba da sa'a, sai dai su tsaya su kalli gurup su kalle ni.

A tsakiyar kwanakin na sake samun Malam Isufu. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka tuna da kyau. Ko baƙo, ko wani mai son taimako, ko sau ɗaya?"

Ya dube ni ya ce, "Lawali, ai ka tambaye ni ran da ka zo."

Dattijo sa'an ubana ya ba ni amsa sau biyu. Ku da kanku, marasa kunyar ga, ba za ku yi ta uku ba.

Ana gobe kasuwa, jarka saura kaɗan. Na ce ba zan sake ba da umarnin haɗawa ba. Na sa anka tayar da gurup, na shiga bin diskin lungu lungu, har wuraren da ban da dalilin dubawa tunda ni kaɗai ke aiki a injin. Akwai wani lungu da ake zuba abin da mutum ya haɗa da hannunsa, ni ban taɓa ajiye komai can ba a wannan injin. Na buɗe. Ga lib ɗin sauti zaune, wata daban, sabuwa fil, ta bana. Kusa da ita ga ragowar wata lojisiyal ta tura rediyo a intanet, an fara haɗa ta an bari. Lib biyu cikin inji ɗaya. Wajen yanka ana awo da sabuwa, wajen ɗinki ana ɗauko tsohuwa, yaya za a yi su haɗu? Kuma nan take na gane abin da ya fi wannan ciwo. Tsohuwar lojisiyal ɗina da na share lafiyarta lau. Sabuwar lib ce ke shiga gabanta tana kashe ta. Da an faɗa mini ran da na zo, cire baƙuwar kawai zan yi, kafin furar da anka ba ni ta daina sanyi rediyo ta yi magana, ba a ƙone ko kwalba ɗaya ba.

Na kashe gurup. Na fita na iske Malam Isufu bayan ɗaki gindin eriya yana jan carbi. Babu kowa kusa.

Na ce, "Malam, an taɓa injin ga. Wanda ya taɓa shi ya san aiki, ba ɗan garin ga ba ne."

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Yaron ga ne. Mai gidan ita yarinyar."

Bai faɗi suna ba, kuma ban buƙata ba. Ɗiyarsa ta fari yake nufi, wadda ko sunanta ba ya kamawa, da mijinta da ke aiki Yamai. Sun zo da salla. Surukin ya ce zai sa rediyon ta kai har ga ƴan garin da ke ci-rani, su ji gida a wayarsu. Malam Isufu da kansa ya buɗe masa ɗakin. Ya gwada, abin ya ƙi, hutunsa ya ƙare ya koma. Tun ranar rediyo ba ta sake tashi ba.

Na ce, "Malam, ka sani tun ran da na zo?"

"Na sani."

"Kana kallo mata na kwance ƙullin zanensu?"

Ya ce, "Lawali, surukina ne. Da wane baki zan ce shi ya kashe rediyon gari? Ɗiyata na ɗakinshi. Na ce kai gwani ne, za ka gano da kanka ba sai na buɗe baki ba."

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a wurin nan ba. Shi surukin ban riƙe shi da komai ba. Abin da takardar bayanin lojisiyal ɗin ta ce shi ya bi, da kyakkyawar niyya, kuma na tabbata da an buga masa waya zai faɗi abin da ya zuba ba tare da wata kunya ba. Amma wa zai buga? Malam Isufu da ko ido ba ya haɗawa da shi?

Na koma ciki na tayar da gurup na cire baƙuwar lib. Dole a faro haɗin daga tushe, don duk gutsattsarin da awonta anka yanka su. Na juye abin da ya rage a jarka har ɗigon ƙarshe, na kashe fanka, na kashe ekran, ko fitila ban bari ba. Madam Rabi ta sake ɗaukar jarka ta shiga gari. Ina zaune ina sauraron gurup kamar mai jinya. Ya yi ta ja, ya wuce rabi, ya kusa kashi biyu cikin uku. Sai ya yi tari, ya sake yi, ya mutu.

Gab da magariba ta dawo, jarka na kaɗawa a hannunta babu nauyi. Ta ce mai injin niƙa ya ce a gaya ma mai gyara shi ma yana da iyali. Ƴan kabu-kabu sun ce gobe kasuwa, da me za su yi aiki? Wata tsohuwa ta ce mata ko rijiya ce ta esansi wannan baƙon zai ƙafar da ita. Na ce mata na gano ciwon, kwalba biyu kawai nake nema. Ta dube ni ta ce, "Mushe, haka na gaya musu shekaranjiya." Ba da faɗa ta faɗa ba. Gaskiya ce, haka na ce shekaranjiya.

Da safe na bi masu zuwa kasuwa da kaina ina roƙo, har na samu kwalba ɗaya hannun wani mai babur da ya san ni a Konni. Mun tayar da gurup ke nan, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai ga farar mota. Mutanen porje ne, namiji da mace da direbansu, masu kirki. Sun kunna rediyon motarsu a kan lambarmu tun daga hanya, babu komai sai shuu. Na nuna musu ekran, na ce su ba ni zuwa azahar. Matar ta ce suna da sauran garuruwa gabansu, kuma abin da anka aiko su gani shi ne rediyo mai magana. Na roƙi mai daga motarsu ko da za su dawo ta nan, direban ya ce tasu gazwal take sha, ba esansi ba. Sun ɗan jira, ba zan yi musu ƙarya ba, sun sha ruwa a rumfa. Sannan sunka yi sallama. Ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba kwalbar nan ita ma ta ƙare.

Mutane sun taru a ƙofar rediyon, ranar kasuwa ce, har da na ƙauyukan kewaye. Masu kwalabe duk suna nan. Ana ta gunaguni, wani na cewa a tambayi baƙon ina man ya tafi. Malam Isufu ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Mai gyara ya yi iyakar ƙoƙarinshi, mun gani da idonmu. Abin ne ya fi ƙarfinshi. Haka Allah ya so."

Maganar na bakina, wallahi tana bakina. Kalma kaɗan ce. Amma in na faɗe ta, na tuɓe ma dattijo rawani gaban kasuwa, kuma kafin la'asar labari ya kai Yamai ɗakin ɗiyarsa. Ni ma ɗan ƙasar ga ne, da wannan kunyar anka yi mini tarbiyya, ko da yake ranar na tsane ta kamar in mutu. Na sunkuyar da kai na shiga tattara turnabis ɗina.

Na rataya jaka zan hau kabu-kabu sai Madam Rabi ta biyo ni, jaririya a baya, jarkar nan har yanzu a hannunta. Ta rage murya yadda babu mai ji sai ni.

"Mushe Lawali, tsakaninka da Allah, abin ya fi ƙarfinka ne?"

Malam Isufu na tsaye bakin rumfa yana kallonmu.

Na ce, "Ya fi."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, Allah ya kai ka lafiya."

Rediyon ba ta sake magana ba. Daga wannan yankin babu wanda ya sake kirana aiki, ko na share ƙura. Madam Rabi yanzu tana soya ƙosai a kasuwar Illela. In na ratsa ta wurin takan gaishe ni da mutunci, har ta ƙara mini biyu a kan wanda na saya, irin ƙarin da ake yi ma wanda ake tausayi. Har yau abin da ta sani ke nan.